Gidan Tarihi da Mai Ziyara: Sharhi a kan Sabon Salon Nunin Kayan Tarihi Dangane da Mutanen Kankiya da Kusada

1.0 Gabatarwa



Maƙasudin wannan takarda shi ne yin sharhi a kan canjin da ake samu a gidajen adana kayan tarihi, inda hankalin ma'aikatansu ya fara tashi daga kan kayan da ke cikin gilashi yana komawa kan mutumin da ya zo kallo. Za mu auna wannan canji da mizanin mutanen ƙananan hukumomi biyu na tsakiyar Jihar Katsina, watau Kankiya da Kusada. Dalilin zaɓensu shi ne, babbar hanyar Kano zuwa Katsina ta ratsa ƙasarsu, ta Yashe da garin Kankiya, saboda haka suna zaune ne tsakanin manyan gidajen tarihi biyu: Gidan Makama a Kano da tsohuwar Kwalejin Katsina. Amma babu gidan tarihi na ƙasa a ko ɗaya daga cikinsu. Yawancin mutanensu manoma ne da makiyaya da malaman allo da masu sana'ar hannu, watau irin mutanen da kayan da ake nunawa a birane suka fito daga hannun kakanninsu.

Abin da muke son tabbatarwa shi ne, wannan canji abin maraba ne, amma idan aka fahimce shi a matsayin sayen na'urori da neman 'yan yawon buɗe ido kawai, to, zai wuce mutumin Kankiya da na Kusada kamar yadda motar Kano take wuce su a bakin titi. Za mu nuna cewa abubuwa uku ne za su jawo shi: harshen da yake ji, aikin da ake yi a gaban idonsa, da kuma ba shi bakin magana a kan kayan da shi ne magajinsu.

2.0 Tushen Gidan Tarihi a Nijeriya

Gidan tarihi na farko a Nijeriya an buɗe shi ne a Esie a 1945. Na Jos ya biyo baya a 1952 ta hannun Bernard Fagg, wanda ya yi suna a kan binciken kayan Nok, sannan na Ikko a 1957 ta hannun Kenneth Murray. A 1979 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi, wadda take riƙe da su har yau.

Babban abin da ya dami waɗanda suka kafa waɗannan gidaje shi ne yadda kayan tarihi suke lalacewa, da yadda ake kwashe su ana fita da su ƙasashen waje. Lalle sun yi aikin da ya cancanci yabo, kuma damuwarsu tana da tushe. A shekara ta 2000 ma, da Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta fitar da jerin kayan Afirka da ake yawan haƙewa a sace, sai ga mutum-mutumin yumɓu na yankunan Nok da Sakkwato da Katsina a ciki.

Sai dai gidan da aka gina domin tsaro, ɗabi'ar mai gadi yake ɗauka. Sunan da muka laƙaba masa ma ya nuna haka, domin mun ce da shi gidan adana kayan tarihi, watau taska. A cikin taska kuwa, baƙo abin sa wa ido ne. Daga nan aka gaji tsarin da kowa ya sani: akwatin gilashi, da gargaɗin hana taɓawa, da 'yar takarda mai layi biyu ko uku da Ingilishi, wadda take faɗin sunan abu da inda aka samo shi. Wannan tsari ya ɗauka cewa mai ziyara ya yi boko, kuma kallo a tsanake cikin shiru ya wadatar da shi. A wurin Bahaushe kuwa tarihi abin ji ne daga bakin wanda ya sani, a zaure ko a gindin bishiya, inda mai sauraro yake da damar tambaya da musu. Idan aka miƙa masa abu ba tare da labarinsa ba, rabin abin aka ba shi.

3.0 Yadda Canjin Ya Faro a Duniya

Wannan suka da muke yi an daɗe da yin irinta a wasu ƙasashe. A 1967 aka buɗe wani ƙaramin gidan tarihi a Anacostia, unguwar baƙaƙen fata a birnin Washinton na Amurka, a ƙarƙashin jagorancin John Kinard. A 1969 suka shirya nuni a kan ɓera, saboda ɓeraye sun addabi unguwar, kuma abin da ke ci wa mazaunanta tuwo a ƙwarya ke nan. A wannan shekarar ce kuma Frank Oppenheimer ya buɗe gidan nunin kimiyya na Exploratorium a San Francisco, inda aka shirya kayan musamman domin mai ziyara ya taɓa, ya juya, ya gwada da hannunsa. A 1972 masana suka yi taro a Santiago ta ƙasar Cile, suka tsayar da cewa wajibi ne gidan tarihi ya yi wa al'ummar da yake cikinta hidima a kan matsalolinta. Bayan shekara 50, a 2022, Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta zauna a birnin Prague ta sabunta ma'anar gidan tarihi, ta shigar da cewa yana aiki ne tare da sa hannun al'umma.

Idan muka lura, za mu ga canjin ya rabu reshe biyu. Reshe na farko ya shafi yadda ake nuna kaya: a bar mutum ya taɓa, a sa masa murya ko majigi ko allon kwamfuta. Reshe na biyu ya shafi wanda yake da ikon zaɓen abin da za a nuna da abin da za a faɗa a kansa. Na farko shi ya fi ɗaukar ido, shi ne kuma ake iya rubutawa a kasafin kuɗi a ba da kwangilarsa. Na biyu ya fi wuya, domin yana bukatar masani ya rage wa kansa iko. A ganinmu, na biyun ne ya fi dacewa da halin da ƙasarmu take ciki, inda wutar lantarki ba ta da tabbas, kuma na'ura idan ta lalace sau da yawa ta zama kayan tarihi ita ma.

4.0 Darasin Yamai

Ba sai mun je Amurka ba kafin mu ga reshen farko yana aiki ba tare da na'ura ba. Gidan tarihi na ƙasar Nijar da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959 da ƙoƙarin Boubou Hama da Pablo Toucet, kuma yanzu yake ɗauke da sunan Boubou Hama, tun farko an tsara shi ne a matsayin fili mai faɗi. A cikinsa akwai ɗakunan nuni da aka yi wa ado irin na ginin Hausa, da gidan namun daji, da samfurin gidajen ƙabilun ƙasar, da rumfunan maƙera da dukawa da masaƙa suna aiki suna sayarwa, da kuma sashen koyar da yara. Busasshiyar bishiyar Tenere, wadda mota ta kayar a 1973, a nan aka kawo ta aka ajiye. Sakamakon wannan tsari shi ne, talakan Yamai yana shiga da iyalinsa ba tare da jin cewa wurin na wasu ne ba.

Duk da haka akwai abin dubawa. Mai sana'ar da aka zaunar a gidan tarihi, kasuwarsa takan koma ta baƙi, sai ya riƙa ƙera abin da baƙo yake so ya saya ya tafi da shi tsaraba, ya bar abin da mutanen gari suke amfani da shi. Da haka sana'ar takan rikiɗe ta zama wasan kwaikwayon kanta. Har wa yau, yaron da ya zo domin ya ga zaki yana iya komawa gida bai leƙa ɗakin nuni ba. Yawan masu shiga ƙofa shi kaɗai bai isa shaidar cewa an ilmantar ba. Amma ko da wannan naƙasu, Yamai ta warware matsalar farko, watau ta sa mutum ya tako da ƙafarsa, kuma sai wanda ya zo ake iya koya wa wani abu.

5.0 Katsina da Kayan Durɓi ta Kusheyi

Gidan tarihi na ƙasa da ke Katsina yana cikin ginin ƙasa na tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922. A nan Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, kafin a mayar da kwalejin Kaduna a 1938, daga baya kuma Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. Ginin kansa ya isa abin kallo, kuma shi ne gidan tarihi na ƙasa da ke cikin masarautar da Kankiya da Kusada suke.

Misalin da ya fi fito da maganarmu fili shi ne na Durɓi ta Kusheyi, wajen Mani, kimanin kilomita 32 gabas da Katsina. A can akwai tuddan kaburbura da ake dangantawa da sarakunan farko na ƙasar. H. R. Palmer ya haƙa wasu a 1907, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, sannan masu bincike daga Jamus suka sake haƙa wasu a 1992. An sami kayan zinariya da na tagulla, da awarwaron hauren giwa, da duwatsun ado, da wuri, da tasa wadda aikinta ya nuna daga ƙasashen Musulmi na gabas ta fito. Bincike ya nuna kaburburan sun kama daga wajen ƙarni na 13 ko 14 zuwa na 15 ko 16. Ke nan tun wancan lokaci ƙasar Katsina tana da hulɗar ciniki da wurare masu nisan gaske. An kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara su, aka yi nuninsu a can a 2011, daga baya aka dawo da su Nijeriya.

Ba mu da abin zargi a kan gyaran, domin kayan da suka daɗe a ƙasa suna bukatar ƙwararru. Abin lura shi ne jerin waɗanda suka amfana da labarin: masu bincike, sai masu kallo a Jamus, sai masu karanta Jamusanci da Ingilishi, sai manyan baƙi a birni. Manomin Kusada, wanda yake masarauta ɗaya da waɗannan kaburbura, shi ne a ƙarshen layi. Ana ta murna da dawowar kayan tarihi daga Turai, kamar yadda aka yi a watan Disamba na 2022 lokacin da Jamus ta miƙa wasu kayan tagullar Benin a Abuja, kuma murnar tana kan hanya. Amma tafiya daga Mainz zuwa Katsina ta fi sauƙi a kan tafiya daga akwatin gilashi zuwa kunnen ɗalibin firamare a Kankiya. Wannan zango na ƙarshe shi ne ba a cika yi wa tanadi ba.

Wajibi ne mu yi wa ma'aikatan gidajen tarihinmu adalci. Da yawansu suna yi wa baƙi bayani da Hausa, suna karɓar 'yan makaranta, suna kuma shirya buki a ranar 18 ga Mayu, wadda take ranar gidajen tarihi ta duniya tun 1977. Sukarmu tana kan tsarin da ya mai da wannan aiki na baka ya zama ƙari, alhali shi ya kamata ya zama ginshiƙi.

6.0 Bahaushe da Fasahar Nuni

Akwai masu cewa mutanenmu ba su da sha'awar kallon tsofaffin kaya, wasu ma suna ƙyamar wurin saboda suna ganin ɗakin gumaka ne. Wannan ƙyama gaskiya ce, kuma ba a kawar da ita da raini. Amma cewa Bahaushe bai san nuni ba, wannan kuskure ne.

Mu ɗauki jeren ɗakin amarya. Mata sukan taru su tsara kaya bisa girma da launi da daraja, sannan a buɗe ɗaki 'yan'uwa da maƙwabta su shigo kallo, ana faɗin abin da uwa ta kawo da wanda gwaggo ta bayar da wanda aka gada daga kaka. Wannan nuni ne cikakke, mai zaɓe da tsari da bayani da masu kallo. Daɗin daɗawa, jere yana ɗauke da tarihin tattalin arziki, domin ya tashi daga ƙorai da akusa zuwa tasoshi, daga nan zuwa kwanonin sha da langa, har zuwa tangaran da ke cikin kabad a yau. Haka hawan Sallah yake: ranar ce ake fito da lifidi da sulke da kwalkwali da kakaki, a gan su a jikin mutum da doki, maroƙa suna faɗin asalin kowace sarauta. A Daura mai ziyara yakan ja ruwan rijiyar Kusugu ya sha, ana ba shi labarin Bayajida. A marinar Ƙofar Mata a Kano yakan tsaya ya ga yadda ake tsoma zane a baba.

A duk waɗannan misalai abu yana tare da mai shi da kuma magana. Abin da gidajen tarihin Turai suke kashe kuɗi su ƙirƙiro yanzu, watau haɗa kaya da murya da motsi, muna da shi tun da daɗewa. Mu ne muka raba su da muka ɗauko akwatin gilashi muka bar mai ba da labari a waje.

7.0 Abin da Ya Dace da Kankiya da Kusada

Kafin mu kawo shawara, bari mu duba wani gwaji daga ƙasar Mali. A ƙauyen Fombori, kusa da Douentza, an kafa abin da aka kira bankin al'adu a 1997. Mutum yakan kawo kayan gadonsa ya ajiye a ɗakin nunin ƙauye, a ba shi rancen kuɗi ya yi sana'a, kayan kuma suna nan a matsayin nasa. Yawan rancen yana tafiya ne da yawan bayanin tarihin da ya iya bayarwa a kan abin. Ta haka aka rage sayar da kayan gado ga dillalai, aka kuma mai da labari abu mai daraja. Ba muna cewa a kwafo wannan yadda yake ba, musamman da yake rance yana da hukunce-hukuncensa a shari'a. Darasin da ke ciki shi ne, mallaka ta zauna a hannun mai kaya, kuma bakinsa ne tushen bayani.

Bisa wannan, muna ganin abubuwa huɗu za su yiwu ba tare da jiran sabon gini ba. Na farko, duk bayanin da ke jikin kaya a rubuta shi da Hausar boko da ajami, domin akwai dattawa da almajirai da yawa da ajami ne karatunsu. Na biyu, a naɗi bayanin da murya, a watsa a rediyo, a kuma tura ta wayar hannu, wadda ita ce na'urar da ta riga ta shiga kowane ƙauye. Na uku, gidan tarihi ya riƙa fita. Kayan asali masu daraja su zauna inda suke, amma a ƙera kwafinsu, a haɗa da hotuna, a kai makarantu da ƙofar hakimi da kasuwa ranar cinta. Wannan ya ƙara zama dole saboda rashin tsaron da ya addabi sassan jihar a 'yan shekarun nan, wanda ya sa iyaye da malamai suke ɗari-ɗari da ɗaukar yara tafiya. Na huɗu, a shirya nunin kwana biyu ko uku na kayan mutanen gari da kansu: mazari da ƙoshiyar saƙa, da galma, da zugazugin maƙeri, da allon zayyana, da gafaka, da tsofaffin takardun ajami. Kowa ya tsaya a kan kayansa ya yi bayani, ma'aikata su rubuta su ɗauki hoto, sannan ya koma gida da abinsa.

Akwai hujjoji uku da za a iya kawowa a kan wannan, kuma dukkansu masu nauyi ne. Ɗaya, bayyana kayan gado yana iya jawo hankalin ɓarayi da dillalai. Amsa ita ce, abin da aka rubuta aka ɗauki hotonsa ya fi wuyar sayarwa a ɓoye, amma dole a bar wa mai kaya zaɓin ɓoye sunansa. Biyu, labarin baka yana cakuɗe da ƙari da son kai. Wannan haka yake, shi ya sa ba mu ce masani ya janye ba. Aikinsa ne ya ajiye ruwayar gari kusa da sakamakon bincike, ya nuna inda suka dace da inda suka saɓa. Uku, wadda ta fi damunmu, ita ce idan aka ce al'umma ta yi magana, sau da yawa masu sarauta da attajirai ne suke yi. Tarihin mata, da na Maguzawa, da na Fulanin rugga, da na zuriyar bayi, yana iya sake nutsewa. Idan ba a yi wa waɗannan tanadin wuri tun daga shiri ba, to, an sauya mai riƙe da makulli ne kawai.

8.0 Kammalawa

A wannan takarda mun bi asalin gidan tarihi a Nijeriya, muka ga an kafa shi ne domin ceto da adanawa. Mun duba canjin da ya faro daga Anacostia da Santiago, da gwajin Yamai da na Fombori, muka kuma auna su da kayan Durɓi ta Kusheyi da al'adun nuni na Hausawa. Abin da muka tsayar shi ne, jawo mai ziyara a wuri irin Kankiya da Kusada ya dogara ne a kan harshe, da aiki a gaban ido, da bakin magana, kafin a zo maganar na'ura.

Muna kira ga sassan Hausa da na tarihi a jami'o'inmu da kwalejojin ilimi su ɗauki fassara da naɗar bayanin kayan tarihi a matsayin aikin ɗalibai, su kuma haɗa kai da hukumar tarihi da al'adu ta jiha da ƙananan hukumomin biyu a gwada nunin gari ko da sau ɗaya ne, a rubuta abin da ya faru, mai daɗi da marar daɗi, a kawo wa taro irin wannan domin a tattauna. Dattawan da suka san sunan kowane sashe na masaƙa da labarin kowace tasa suna ƙarewa, kuma idan suka tafi, abin da zai rage mana shi ne kaya da 'yar takarda mai layi biyu.